Ya Ci Gwanjo Ya Ƙi Biya: A Jira Shi, A Ba Na Biyu, Ko A Karɓi Kafin Alƙalami?

Duk mai sayar da kaya ta gwanjon intanet a Kaduna ya san wannan mutumin. Shi ne ya fi kowa zafin tayi, ya ture mutum uku ko huɗu, aka sallama masa bayan sallar isha'i, aka tura masa lambar asusu, daga nan sai shiru. Idan an yi sa'a ya amsa washegari, amsar ba ta wuce waɗanda aka saba ji: sabis ne ya hana kuɗin tafiya, maigida bai dawo ba, yaro ne ya ɗauki wayar ya danna, a ajiye min zuwa albashi. Abin bai tsaya kan mata masu jakunkuna da takalma a zaurukan WhatsApp ba. Yana samun masu wayoyi na Ahmadu Bello Way da ke gwanjo kai tsaye a TikTok, yana samun masu ɗora hoton rago a Facebook gab da Babbar Sallah, har eBay, babban shafin gwanjon intanet na Amurka da ke wannan sana'a tun 1995, bai rabu da shi ba.

Hanyoyin da ake bi da irin wannan mai saye suna da yawa, kowacce kuma da masu rantsuwa da ita. Sai dai kafin a auna su, akwai lissafin da ɓacin rai ke hana mai kaya yi. Za ka ji mutum yana cewa an cuce shi naira 120,000, alhali wayar da aka taya tana nan cikin gilashin shagonsa. Abin da ya rasa a zahiri shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka taya da wanda zai samu daga baya. Idan ya sayar 112,000, asararsa 8,000 ce. Sai abin da riƙon kayan ke ci, wanda ya bambanta ƙwarai: atamfa ba ta cin komai, rago yana cin dusa da harawa kullum, mota tana cin kuɗin ajiya da na mai gadi. Sai kuma asarar da ba a gani, wato masu saye na gaskiya da aka ture a gwanjon, suka tafi suka kashe kuɗinsu wani wuri. Da wannan ma'auni zan auna kowace hanya. Wadda za ta ci fiye da abin da aka rasa, ko da ta huce haushi, ba ta da amfani ga ɗan kasuwa.

Mafi yawanmu da jira muke farawa, domin shi ya dace da tarbiyya. Hajiya ce, ta sha saye, an san gidanta a Unguwar Rimi, wa zai iya buɗe baki ya ce mata ta biya yau ko a ba wata? Kuma uzurin ba kullum yake zama ƙarya ba. Wanda ya yi kasuwa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya ga yadda tiransifa ke maƙalewa kwana biyu, an cire wa mai saye, ba ta isa ga mai kaya ba. Aibin jira shi ne ba a sa masa iyaka. A eBay kwana 4 ake ba wanda ya ci gwanjo. Idan suka cika bai biya ba, mai kaya yana da ikon soke cinikin, a rubuta wa mai sayen laifin a asusunsa. Copart, kamfanin gwanjon motoci na Amurka inda motoci da yawa da suka yi haɗari ke fitowa kafin su iso Legas da Kwatano, kwana uku na aiki yake bayarwa, bayan nan tara ta fara hawa. Kamfanonin da ke gwanjon miliyoyin kaya sun tsaya a kwana uku zuwa huɗu, amma mai jakunkuna a Tudun Wada tana zaman jiran mako biyu don kunya.

A wurinmu da kuɗi ke shiga cikin minti ɗaya ta OPay ko Moniepoint, awa 24 ta isa ga ƙaramin kaya. Kaya mai tsada ne ke buƙatar kwana biyu ko uku, saboda bankuna suna da iyakar abin da ake turawa a rana, kuma mai sayen mota yana da haƙƙin zuwa ya gani da idonsa. Yadda ake tunatarwa ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Saƙon da ya fi aiki shi ne mai ɗauke da lokaci da kuma ƙofar fita: "Salamu alaikum Hajiya, barka da gida. Jakar nan na ajiye miki zuwa la'asar ɗin gobe. Idan wani uzuri ya taso ki faɗa min kawai, ba komai, sai in ba wadda ke bayanki." Da yawa daga masu shirun nan ba mugunta ke hana su magana ba. Zafin gasa ne ya ɗebe su suka taya abin da ba su da shi, gari ya waye kunya ta rufe su. Idan aka sauƙaƙa musu cewa "na fasa", sukan faɗa a ranar farko, mai kaya ya samu kayansa a sake tun na biyu bai huce ba. Addini ma ya kwaɗaitar da haka, domin hadisi ya zo a Abu Dawuda da Ibnu Majah cewa wanda ya amince wa Musulmi ya warware ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wanda kuwa yake da kuɗin yake ja da gangan, shi ne hadisin Buhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci. Masu "a ajiye min zuwa albashi" kuma, amsarsu ɗaya ce: to Malam, kawo wani abu a ƙasa. Ajiya ba tare da ko sisi ba bashi ne wanda mai kaya kaɗai ke ɗauke da nauyinsa.

Idan wa'adi ya cika, zaɓi na gaske yana tsakanin abu biyu: a ba wanda ya zo na biyu, ko a sake gwanjon daga farko. Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin nan ake yawan yin asara.

Ba wa na biyu ita ce hanya mafi sauri da arha. Mutumin ya riga ya nuna yana so, ya faɗi farashinsa da bakinsa, kuma tazararsa da na farko sau da yawa ba ta wuce dubu biyu ko biyar ba. eBay yana da tsari na musamman don haka, Second Chance Offer, inda ake miƙa wa wanda bai ci ba kayan a kan tayinsa na ƙarshe, kuma ba dole ba ne ya karɓa. Wannan sharaɗi na rashin dole yana da muhimmanci a kiyaye shi a zaurukanmu. Wanda aka ture shi a gwanjo ya fita daga alkawari. Idan ya ce ya riga ya sayi wani, babu laifi a kansa, kuma bai kamata a haɗa shi da na farko a suna ɗaya ba. Saurin komawa gare shi shi ne komai. Wanda aka kira bayan awa 24 yana nan da sha'awarsa, wanda aka kira bayan kwana goma ya manta ma da launin jakar.

Amma hanyar tana da ramuka biyu. Na farko haɗin baki ne. A ce waya ce da ta kai 120,000. Wani ya taya 60,000 tun da wuri, abokinsa da wata lamba ya yi tsalle ya ce 200,000. Kowa ya ga farashin ya wuce hankali ya janye. Aka sallama wa mai 200,000 ya ɓace, sai ga mai 60,000 ya fito da ladabi yana cewa ai shi ne na biyu. Duk zauren da ya rubuta a dokarsa cewa kaya na komawa ga na biyu kai tsaye, ya buɗe wa wannan dabara ƙofa. Maganinta shi ne dokar ta ce mai kaya yana da zaɓi, ba tilas ba, sannan a sanar tun farko da farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, a kuma ƙayyade yawan ƙarin da ake yi a kowane tayi. Idan tazarar na farko da na biyu ta yi faɗi fiye da kima, wannan kaɗai ya isa a soke a sake.

Rami na biyu ya fi ciwo, domin mutuncin mai kaya yake taɓawa. Ka sa kanka a matsayin na biyun. Tun daga 90,000 kai da mutum ɗaya kuke ja har 118,000, ya ci a 120,000, washegari aka kira ka aka ce ya gudu, zo ka ɗauka a 118,000. Me zai hana ka zargin cewa yaron mai kaya ne aka sa ya tura ka sama? Wannan shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana: mutum ya ƙara farashi ba don zai saya ba, sai don wani ya ruɗu. Ko mai kaya bai da hannu, tayin wanda bai yi niyyar biya ba ya yi aikin najashin a aljihun na biyu. A ganina na biyun yana da hujja idan ya nemi ragi. Ba sai an koma 90,000 ba, tunda shi ma da bakinsa ya kai 118,000, amma a raba tazarar ya fi adalci, kuma ya fi arha a kan a rasa shi ya tafi yana faɗa wa abokansa cewa gwanjon wane shiri ne. Idan kuwa mutum huɗu ko biyar ne suka yi ta ja har kusa da ƙarshe, farashin na kasuwa ne, babu dalilin ragi.

Sake gwanjo ya fi tsafta daga zargi, amma yana da tsada. Kayan da aka gani sau biyu ba ya tada hankalin mutane kamar na farko. Tambayar da ke zuwa ran kowa ita ce me ya same shi aka dawo da shi, sannan kowa ya riga ya san inda farashin ya tsaya, babu mai gaggawar kai shi can. Wanda ya zama dole ya sake, ya faɗi dalili a layi ɗaya ba tare da ambaton suna ba, ya bari kwanaki su shuɗe, ko ya kai kayan wani zaure, ko ma ya bar gwanjon ya yanke masa farashi ɗaya. Wannan duk ga kayan da ke iya jira ne. Mai rago da ya rage kwana uku Sallah ba shi da wannan sararin. Duk wanda ya taɓa leƙa Zangon Tudun Wada da yammacin jajibiri ya san cewa farashi na iya juyewa cikin awoyi, kuma ragon da ya kwana har bayan layya ya koma kuɗin nama. A nan na biyu, ko da ragin dubu goma, ya fi sabon gwanjo nesa ba kusa ba.

Sai batun hukunta wanda ya gudu, inda mutane suka fi rabuwa. Toshewa ita ce mafi sauƙi: a cire shi daga zaure, a rufe lambarsa. eBay ya gina tsarinsa kacokan a kan wannan. Tun 2008 ya hana masu kaya rubuta wa masu saye mummunar shaida a bainar jama'a. Abin da ya bar musu shi ne laifin da ake rubutawa a asusu, da damar hana duk wanda ya tara irin wannan laifi biyu ko fiye cikin wata 12 yin tayi a kayansu. Hukumar Kwastam ta Najeriya, da ta fara gwanjon intanet a 2017 ta kuma sabunta shi a Janairun 2024, ta ɗaure shiga da lambar biyan haraji ta TIN, wadda ba a canza ta kamar layin waya. Rauninmu ke nan: wanda aka cire daga zaure yau, gobe ya dawo da layin matarsa. Abin da ya fi aiki shi ne masu kula da zaurukan da ke sana'a ɗaya su riƙa sanar da juna a tsakaninsu, kuma abin da ake riƙewa ya zama sunan asusun banki, domin shi ne ke da wuyar sauyawa. Ni dai ban ga hikimar kora a karon farko ba. Gargaɗi da sharaɗin ajiye kuɗi kafin tayi na gaba ya fi, a bar kora sai an maimaita.

Tonon silili kuwa, wato a ɗora hoton mutum da lambarsa da hirarku a rubuta "ɗan damfara" a sama, shi ne ya fi daɗi a daren da aka yi shi, shi ne kuma ya fi kowace hanya haɗari. Wanda ya taya ya fasa ya saɓa alkawari, amma bai ɗauki kayan kowa ba. Kiransa ɓarawo a gaban mutum ɗari uku ɓata suna ne, kuma ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa. Ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024 amma har yanzu ana kai mutane ƙara da shi, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta shafi yaɗa lambar mutum da hotonsa. Mai kaya da ya yi asarar 8,000 yana iya wayar gari shi ne ake nema da beli. Ko babu shari'a, Kaduna ba ta da girman da ake zato. Wadda aka tona a zauren Barnawa tana iya zama ƙanwar wadda ta fi kowa sayen kayanka a Malali. Sauran masu kallo kuma darasin da suke ɗauka shi ne tayi a wurinka na iya jawo abin kunya, sai masu taka-tsantsan, waɗanda su ne masu biya, su daina ɗaga hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

'Yan sanda ba wurin wannan magana ba ne. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Kotu ita ce wurin, kuma doka tana tare da mai kaya a ƙa'ida: dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila ta ce a sashe na 58 cinikin gwanjo ya ƙullu da zarar an buga guduma ko an sanar da rufewa ta hanyar da aka saba, kafin nan mai tayi na iya janyewa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe hanyar gabatar da saƙonnin waya a gaban alƙali. Amma abin da ake sa ran samu, tunda kayan na hannunka, shi ne tazarar farashi, ba duka kuɗin ba. Kai maganar jakar 15,000 kotun shari'a ta Magajin Gari, kuɗin Keke Napep na zaryar ma ya cinye ta. Shari'a tana da ma'ana ne a mota, ko injin, ko kayan shago gaba ɗaya, inda tazarar ta kai dubban ɗaruruwa kuma an san gidan mutumin. A nan ma takarda ɗaya daga lauya, ko zama gaban shugaban kasuwa, takan gama abin da wata shida na ɗage zama ba zai gama ba.

Kada a haɗa wannan da wanda ya turo alat na bogi aka ba ɗan acaba kaya ya kai masa, ko aka yi webil daga tashar Kawo. Wannan zamba ce tsagwaronta, kuma ita ta 'yan sanda ce. Kariyarta ba ta da wuya: hoton rasit ba kuɗi ba ne, kaya ba ya fita sai an buɗe asusu an ga kuɗin a zaune.

Duk abin da ya gabata gyaran ɓarna ne bayan ta auku. Masu gwanjon da suka daɗe a harkar sun fi kashe ƙarfinsu a bakin ƙofa, kuma ƙofar iri-iri ce. Akwai kuɗin shiga da ba a mayarwa, kamar naira 1,000 da Kwastam ta sa. Yana korar masu wasa da yara, amma ba ya hana mai niyyar ɓarna, domin dubu ɗaya ba komai ba ce a gaban mota. Akwai ajiyar da ake mayarwa, wadda ke tafiya da girman tayi: a Copart mai ƙaramar rajista yakan ajiye kashi 10 cikin 100 na abin da yake son tayawa, wanda ya ci ya ƙi biya kuma a ci shi tarar kashi 10 na kuɗin motar, wadda ba ta gaza ɗaruruwan daloli. Dillalan motoci na Kaduna da ke tayar wa mutane ta asusunsu sun ɗanɗana wannan bayan Yunin 2023, da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Alhaji ya ce a taya, kafin ranar biya lissafinsa ya rushe, ya kashe waya, tara ta faɗa kan dillali. Shi ya sa yanzu da wuya ka ga dillalin da zai danna tayi ba tare da kuɗi a hannu ba. Akwai kuma tsohuwar hanyarmu ta kasuwar dabbobi, wato kara da zango: baƙo ba ya ciniki sai da wanda ya tsaya masa. A zaure, ma'anarta sabon shiga ba ya tayi sai wani tsohon ɗan zaure ya ce na san shi, idan ya gudu kuma wanda ya kawo shi ake tambaya. Ba ta cin ko kwabo, tana kuma aiki sosai a zauren da bai wuce mutum ɗari biyu ba. A TikTok, inda kowa ke shigowa daga ko'ina, ba ta da tasiri.

Ajiyar kuɗi ita ce mafi ƙarfi, sai dai tambayar da mai tsoron Allah zai yi ita ce: idan ya gudu, kuɗin ya halatta gare ni? Malamai sun saɓa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce aka fi bi a ƙasar Hausa, ya hana cinikin da ake cewa in ka fasa kafin alƙalaminka ya zama na mai kaya, haka Hanafawa da Shafi'awa. Imamu Ahmad ya halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta halatta shi idan an ƙayyade wa'adin jira, ta kuma halatta neman ajiya daga masu shiga gwanjo, da sharaɗin a mayar wa duk wanda bai ci ba, a lissafa wa wanda ya ci cikin kuɗin kaya. Akwai matsakaiciyar hanya da bankunan Musulunci ke bi: a riƙe ajiyar a matsayin shaidar da gaske ake, idan mutum ya fasa a cire ainihin asarar da ya jawo kaɗai, a mayar masa da saura. Wannan ita na fi natsuwa da ita, ba don addini kaɗai ba. A ce an ajiye 12,000, aka sayar wa na biyu da ragin 5,000. A cire 5,000 a mayar da 7,000. Wanda aka yi wa haka ba shi da bakin zagi, kuma ba wanda zai ce mai kaya yana addu'ar a gudu don ya ci ajiya. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa kafin ya rubuta dokar, ba bayan kuɗin mutane sun taru a asusunsa ba.

Ajiya ma tana da nata farashin, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Gwanjo da yawan masu tayi yake rayuwa, kowane shinge kuma yana rage su. Idan mutum ashirin ke tayi a da, ajiya ta mayar da su shida, ana iya rasa a farashi fiye da abin da masu gudu ke jawowa. Sannan tana juya tsoron ne zuwa ɗaya ɓangaren: yanzu mai saye ne ke tunanin ko mai kaya zai tattara dubu biyar-biyar na mutum talatin ya rufe zaure, abin da kuwa ya sha faruwa a intanet. Sabon mai gwanjo da ba a san shagonsa ba, ba wanda zai ba shi. Ga wahalar mayarwa, mutum goma sha biyar kowa da bankinsa da cajin tiransifa. Hanyar rage wannan ita ce kada a nemi ajiya a bakin shiga, a neme ta idan tayi ya haura wani mataki da aka sanar, ta yadda mutum uku ko huɗu na ƙarshe ne kaɗai za su tura. Idan mai kula da zaure ba shi ne mai kaya ba, ya fi kyau shi ya riƙe.

Saboda haka zaɓin yana bin kayan ne. Mai ɗauko dila a Kasuwar Barci tana gwanjon riga da jaka na dubu biyar zuwa ashirin, ajiya za ta kashe mata kasuwa a banza. Abin da ya dace da ita shi ne wa'adin awa 24 a rubuce, a koma ga na biyu nan take, gargaɗi a karon farko, cirewa a na biyu. Mai waya da kwamfuta, wanda farashinsa ke motsi da dala, yana buƙatar farashin ƙasa da aka sanar da kuma ajiya a matakin ƙarshe, domin shi ne aka fi yi wa dabarar haɗin baki. Mai dabbobi lokacin Sallah wa'adinsa awoyi ne, ba kwanaki ba, kuma kuɗin ciyarwa ya shiga cikin abin da ake cirewa daga ajiya. Mai mota ko kayan da suka haura miliyan, kada ya karɓi tayi daga wanda bai ajiye kashi 10 ba, ya ba da damar zuwa a duba kafin ranar rufewa don kada "ban gani da idona ba" ya zama uzuri, ya kuma ajiye hoton dokar da amincewar mai tayi, tunda shi kaɗai ne cikinsu wata rana zai iya buƙatar nuna su a kotu. Dokar kowannensu ta kasance a manne a saman zaure kafin a buɗe gwanjo, da lokacin biya, da abin da za a cire, da ranar da za a mayar wa waɗanda ba su ci ba kuɗinsu, wadda bai kamata ta wuce daren da aka rufe ba.